Wasiƙa Daga Greensboro: Mota Ba Ta Cika Batirin Tirela, Kada A Ruɗe Ku

Ina neman afuwa a kan shirun da aka ji na kwana biyu, hidimomi ne suka yi yawa. Yaya, na ga saƙonki kan hotunan da na aiko, inda kike tambaya ko wannan farin akwatin da ke bayan motata shago ne na buɗe. Ba shago ba ne Yaya, ɗaki ne, kuma a kansa wasiƙar yau za ta tsaya.

Dalilin rubutun kuwa shi ne ƙanina da ke Houston. Makon jiya ya bugo mini waya yana murna, wai ya ga irin wannan ɗaki da zai saya don ya riƙa fita da iyali lokacin hutu. Da na tambaye shi yadda zai yi da wuta in ya je inda babu layin lantarki, sai ya ce ai mai sayarwar ya tabbatar masa da cewa mota za ta riƙa cajin batirin muddin ana tafiya. Da jin haka sai gabana ya faɗi, domin kuwa kalma a kan kalma, abin da aka gaya mini ke nan ranar da na sayi nawa. Na yarda, kuma na sha kunyar da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ra'ayina dalla-dalla, shi ya karanta, sauran 'yan uwa da ke ƙasar nan masu irin wannan niyya su ma su karanta, ku kuma na gida ku samu abin yi mini dariya.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, abin da nake kira tirela ba irin tirelar da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano ba ce. Ɗaki ne a kan tayoyi, da gado, da ɗan madafi, da firji, da banɗaki, sai a ɗaura shi a bayan a-kori-kura a ja shi zuwa duk inda ake so a kwana. Mutanen Amurka suna son abin ƙwarai, musamman tsofaffin da suka yi ritaya. A gaban ɗakin akwai batir mai bolt 12, kusan irin na inbata da kuka sani a gida. Shi ke kunna fitilu, da famfon ruwa, da fankar hita, da firji in irin na zamani ne. In ka je sansanin da ke da wuta, sai ka jona da layi, babu wata damuwa. In ka je inda babu kuwa, to rayuwarka ta daren nan tana cikin wannan batir.

Tsakanin mota da tirela akwai wata igiyar waya mai kauri da filogi mai baki bakwai. Kowane baki da aikinsa: na fitilun baya, na siginar dama da ta hagu waɗanda kuma su ne fitilun birki, na fitilar ribas, na birkin tirelar kanta, na komawar wuta, sai kuma na bakwai wanda ke ɗauko wuta daga motar zuwa batirin tirela. Wannan na bakwai ɗin shi ne tushen duk rigimar. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce akwai wayar caji. Abin da bai faɗa ba shi ne yawan wutar da ke bi ta cikinta.

To ga ra'ayina a taƙaice, kafin in kawo hujja. Wannan waya tana iya riƙe batirin da ya riga ya cika kada ya sauka, amma ba ta iya cika batirin da ya yi ƙasa a tafiyar yini ɗaya. Duk wanda zai kwana da iyalinsa a inda babu wuta, ya kuma dogara da ita ita kaɗai, ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili. Wanda kuma ke sayar da tirela ya bar mai saye da wannan fahimta, a ganina bai kyauta ba, ko da kuwa babu dokar da ya karya.

Bari in ba ku labarin yadda na koyi wannan darasi. A watan Oktoba na 2023 surukina, mahaifin uwargida, ya zo mana ziyara. Dattijo ne mai hawan jini, kuma likita ya ɗora shi a kan wata na'ura da ake kira CPAP, wadda ke tura masa iska ta hanci in yana barci, saboda numfashinsa kan riƙa tsayawa cikin dare. An ja masa kunne kada ya kwana babu ita. Ni kuma don in burge shi, na ce za mu kai shi ya ga duwatsun Great Smoky Mountains, gandun dajin da aka kafa a 1934, wanda ya fi kowane babban gandun daji na Amurka samun baƙi, don a wannan shekarar kaɗai mutum fiye da miliyan 13 suka ziyarce shi. A watan Oktoba ganyayen itatuwa kan koma ja da rawaya, abin sai wanda ya gani. Muka kama wuri a sansanin Smokemont, kusa da garin Cherokee, kuma na sani sarai tun kafin mu tashi cewa wurin da muka kama babu layin wuta. Ban damu ba. Ina ce ai tafiyar awa biyar ce daga Greensboro in ana jan tirela, kafin mu isa batir ya cika fal.

Mun isa da la'asar, aka ci abinci, aka sha hira, sanyi ya fara saukowa, muka kunna hita. Wajen ƙarfe goma kowa ya kwanta. Ƙarfe uku saura na dare sai na ji wata 'yar ƙara tana tsiwa, ashe na'urar gano yoyon gas ce ke kukan wuta ta yi mata ƙasa. Na taɓa makunnin fitila, sai wani ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Hita ta tsaya. Can sai na ji motsi, na haska tocilan, na ga Baba zaune a bakin gado ya cire abin hancin yana riƙe da shi. Ya dube ni, cikin natsuwa ya ce, "Malam, ashe har nan ma ana ɗauke wuta?" Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Uwargida ba ta ce uffan ba, kuma kun san wannan shirun ya fi faɗa zafi. Ƙa'idar sansanin ba ta yarda a tayar da janareta da dare ba, ni kuma ma ba ni da shi. Haka na sa Baba a gidan gaba na mota, na fita da shi can nesa da mutane don kada ƙarar inji ta tashe su, na jona na'urarsa a motar, ya ƙarasa barcinsa a zaune, ni kuma na ƙarasa daren ido biyu, yara da uwarsu suna can cikin barguna.

Da gari ya waye, wani dattijo Bature da ke maƙwabtaka da mu, mutumin jihar Tennessee, ya ara mana janaretansa da lokacin kunnawa ya yi, wato ƙarfe takwas na safe. Shi ne ya ɗauko wata mita mai baki kamar na kunama, ya maƙala a wayar cajin, ya ce in tayar da mota. Abin da ya nuna shi ne amfiya 6. Ya yi murmushi ya ce haka nasa ma yake yi shekara da shekaru. Gani ya kori ji.

Da na dawo gida na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Batirin da aka ba ni da tirelar na darma ne mai ruwa, ƙarfinsa kimanin amfiya 80 na awa, ma'ana a takarda zai iya ba da amfiya 8 na tsawon awa 10. Tirelar ta yi mako uku a ajiye, na'urar gas da sauran ƙananan abubuwa suna tsotsa a hankali, don haka da wuya in mun bar gida da fiye da rabi, wato 40. A hanya amfiya 6 na shigowa, firji na cinye kusan biyu da rabi, saura uku da rabi. A awa biyar mun samu ƙarin 17, mun isa da 57. Fitilu da famfo da firji suka ci kamar 10 da yamma. Daga ƙarfe goma kuwa, fankar hita da na'urar Baba da firji suna cin kusan 10 a kowace awa. Ku raba 47 da 10 ku gani. Batirin bai ci amanata ba, ya yi daidai abin da lissafi ya ce zai yi. Ni ne ban yi lissafin ba.

Mai karatu zai ce, to me ya sa wutar ba ta da yawa, alhali altanetar a-kori-kura na iya ba da amfiya fiye da 100? Ku ɗauki misalin tankunan ruwa guda biyu da aka haɗa da tiyo. Ruwa na tafiya ne daga wanda ya fi tudu zuwa na ƙasa, kuma saurinsa ya danganta da bambancin tsayin da faɗin tiyon. Bolt shi ne tsayin, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa. Altaneta kan ba da bolt 14 da ɗan abin da ya ɗora. Batirin darma kuma yana bukatar ya ga kusan bolt 14.4 a bakinsa na ɗan lokaci kafin ya cika sosai. Ka ga tun daga nan ratar ba ta da yawa.

Sai kuma tiyon. A nan Amurka ana auna kaurin waya da lamba, kuma abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Wayar cajin da ke zuwa da yawancin motoci lamba 10 ce ko 12. Daga injin mota zuwa batirin tirela akwai ƙafa 30 ko kusa da haka, kuma dole wutar ta koma, ya zama ƙafa 60. In amfiya 10 ta bi ta waya lamba 10 mai wannan tsawo, ana asarar bolt 0.6 a hanya. In lamba 12 ce, asarar ta kusa bolt ɗaya cur. Ba a sa tsatsar bakin filogi a lissafi ba, da sauran mahaɗai da suka saki. Don haka abin da ya tashi 14.2 a gaba, kafin ya isa baya ya koma 13.6 ko ƙasa. Da zarar batirin ya ɗan farfaɗo ƙarfinsa ya matso kusa da wannan adadi, sai ratar ta ƙanƙance, wutar ta koma ɗigo. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen layi a unguwa, inda na kusa da taransifoma ke guga shi kuwa ƙwan fitilarsa na ja kamar tumatir, ya san abin da nake nufi.

Ƙari a kan haka, motocin zamani da yawa suna da kwamfutar da ke lura da batirin motar. Da ta ga ya cika sai ta rage ƙarfin altaneta don a rage shan mai, wani lokaci har ya sauko wajen bolt 13. Kwamfutar nan ba ta san akwai wani batir a baya da ke jin yunwa ba, nata kawai ta sani. Akwai ma motocin da kan fito daga kamfani ba a sa wa wannan layi fiyus ko rile ba, sai mai motar ya sa da kansa. Mutum na iya shekara yana ja yana zaton yana caji, alhali ko ɗigo ba ya shiga. A wasu motocin kuma matsalar akasin haka ce: layin a buɗe yake ko an kashe inji. In ka tsaya kwana ba ka cire filogin ba, tirela za ta tsotse batirin motar, da safe ka murɗa makulli ka ji shiru, ga ka a tsakiyar daji.

Amma duk wannan, har da kunyar suruki, ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Abin da dattijon nan ya nuna mini a gaban tirelar shi ne. Akwai wani ɗan akwati baƙi da siririyar igiyar ƙarfe da ake maƙalawa a jikin mota. In, Allah ya kiyaye, tirela ta kuɓuce daga motar ana cikin gudu, igiyar za ta fizge wani ɗan tsinke, nan take birkin tirelar ya kama da kansa. A tafiya ta yau da kullum birkin tirela daga mota yake samun wuta. Amma in ta kuɓuce filogin ma ya tsinke, to wutar da za ta kama birkin daga wannan batir ɗin za ta fito, wanda firji da hita suka kwana suna sha. Jihohi da yawa sun wajabta wannan na'ura ga tirelar da nauyinta ya wuce fam 3,000, dokar tarayya ta motocin kasuwanci kuma ta ce dole birkin ya iya riƙewa na aƙalla minti 15. A hanyarmu ta komawa gida a kan babban titin I-40, bayan an wuce Asheville, akwai gangaren Old Fort, kusan mil 6 ana sauka, har an yi wa manyan motocin da birki ya ƙwace musu hanyoyin yashi a gefe. Da ba a ara mana janareta ba, da na sauko wannan gangare da ɗaki mai nauyin fam dubu biyar a bayana da batirin da ya kwana a mace, ban kuma san akwai abin tsoro ba. A wannan gaɓa magana ta wuce ta jin daɗin iyalina, ta shafi ran mutanen da ke bayana a titi, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

To mene ne mafita? Abu na farko kyauta ne: a bar gida da batir cike. A jona tirela da wutar gida kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Na biyu kuma bai fi kuɗin cefane ba: a sayi mita a riƙa aunawa. Batirin darma da ya huta, in ya nuna 12.6 ko 12.7 ya cika, in ya nuna wajen 12.1 ya kai rabi, kuma sauke shi ƙasa da rabi a kai a kai yana gajarta masa kwana. A auna bakin filogin mota inji na aiki, a kuma auna inji a kashe, don a san irin motar da ake da ita. Waɗancan fitilu huɗu da ke bangon tirela masu nuna wai batir ya cika, kada a yarda da su da an tsaya, domin batirin da aka gama turawa wuta kan nuna ƙarfin da ba shi da shi na ɗan lokaci. Su suka ruɗe ni a Smokemont.

Abu na uku shi ne wanda nake jayayya da mutane a kansa. Ni a ganina, duk mai niyyar kwana a inda babu wuta ya sa cajar da ake kira DC-DC. Wata 'yar na'ura ce da ake kafawa kusa da batirin tirela. Tana karɓar raunanniyar wutar da ta iso daga mota, ta ɗaga ta zuwa daidai ƙarfin da batirin ke bukata, ta kuma ƙayyade yawan da za ta ja don kada a wahalar da altaneta. In an kashe inji ita ma ta tsaya, don haka ba za ta taɓa batirin motar ba. Kamfanoni da dama na yin ta, irin su Victron na ƙasar Holan, da Redarc na Ostareliya, da Renogy. Ni mai amfiya 30 na sa. Sai dai a lura, mai ba da 30 tana jan fiye da 30 daga mota, don haka ba a ɗora ta a kan siririyar wayar filogi mai baki bakwai. Mun ja sabuwar waya lamba 4 tun daga batirin mota har baya, da filogi nata daban irin wanda ake kira Anderson, da fiyus a kowane ƙarshe kusa da batir, sannan muka raba tsohuwar wayar cajin da batirin don kada wuta ta zagaye cajar. Wanda bai saba da aikin waya ba ya kai wa rewaya. Waya mai kauri da ta gogi ƙarfe babu fiyus gobara ce.

Na kuma canza batirin zuwa na litiyom mai amfiya 100 na awa. Nauyinsa bai kai rabin na darma ba, kuma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa ba tare da an cuce shi ba. Amma shi ma da halinsa. Ƙarfinsa a zaune ya haura bolt 13, don haka a kan tsohuwar wayar ratar ta ƙara ƙanƙancewa, a wasu motocin ma ba ya samun komai. In kuma ka ba shi waya mai kauri kai tsaye babu caja a tsakani, yana iya zuƙar wuta fiye da abin da altaneta za ta jure. Sannan ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarar da ruwa. Don haka wanda zai sa litiyom, cajar nan ta zama masa dole. Yanzu in na tashi da kashi 20 cikin ɗari, kafin awa uku ya cika.

Akwai wani abokina mutumin Maraɗi, direban babbar mota ne a nan garin, kun san Greensboro cike take da 'yan uwanmu na Nijar. Shi ya ce duk wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne, don haka bari in kawo su. Ya ce shi shekara shida yana jan tirela bai taɓa sa komai ba, bai kuma taɓa kwana a duhu ba. Gaskiya ne, amma da na bincika, duk inda yake zuwa sansani ne mai layin wuta. Daga wuta ya tashi, a wuta ya sauka. Irin wannan mutum ba ya bukatar caja, wayar da ta zo da mota ta ishe shi, kuma ba zan ce ya kashe ko sisi ba in ban da na mita. In ƙanina ma haka zai riƙa yi, to ya huta.

Ya ce to a sayi janareta mana. Janareta na da amfani, shi ya cece ni. Amma a Smokemont daga takwas na safe zuwa takwas na dare kawai ake yarda a kunna, wasu sassan ma an hana gaba ɗaya, kuma na'urar Baba da dare take aiki. Sannan janareta ba ya taimakon birki kana tsakiyar hanya. Ya ce to sola fa? Sola abu ne mai kyau, ga ƙanina a Texas ma rana ba ta yi masa rowa. Amma a dajin da itatuwa suka rufe sama, ko a yini mai hadari, farantin ba ya kawo abin kirki. Injin mota kuwa ko ana ruwa ko ana dare yana juyawa, man ka riga ka saya, me zai hana ka ci moriyarsa? Ni ina ganin sola da caja abokan juna ne, wanda ke da hali ya haɗa biyun.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta fi ƙarfi. Ya ce a canza wayar kawai zuwa mai kauri, ba sai an sayi wata na'ura ba. A tsohuwar mota mai altanetar da ba ta rage ƙarfi, da batirin darma, wannan na taimakawa sosai, ban musa ba, muddin an sa rilen da zai yanke layin in an kashe inji. Amma ja wayar shi ne mafi wahalar aikin. In har ka riga ka kwanta ƙarƙashin mota ka ja ta, abin da ya rage kaɗan ne, kuma waya komai kaurinta ba za ta ƙara bolt ɗin da kwamfutar mota ta rage ba. Duka aikin cajar da waya da fiyus bai kai mini dala 500 ba, a kan tirelar da na saya da dubbai. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda muke jin nauyin tambaya a ƙasar mutane. Ranar da na sayi tirelar, mutumin ya zagaya da ni yana bayani da sauri, ni kuma ina ta gyaɗa kai don kada a ce baƙo bai gane ba. Tambaya ɗaya tak, wato amfiya nawa ke shiga, da ta raba ni da duk abin da ya biyo baya. A gida babu wanda zai sayi inbata bai tambayi awa nawa za ta ɗauki fanka da firji ba, har a yi ta ciniki ana lissafi a bayan kwali. Amma da muka zo nan sai muka ɗauka komai an riga an lissafa mana. Ba a lissafa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Don haka ƙanina, kafin ka sa hannu a takarda, ka ce a jona tirelar da motarka a gabanka, a maƙala mita, ka ga adadin da idonka. Ka rubuta duk abin da zai ci wuta da dare ka tara. Ka ja ɗan tsinken birkin nan kafin kowace tafiya, filogi a cire, ka tabbatar tayoyin sun kama, sannan ka mayar da shi nan da nan. In za ka kwana a hanya ka cire filogin. In kuma akwai wanda lafiyarsa ta rataya a kan wuta, ka tanadar masa ƙaramin batir nasa daban, ko da kuwa ka sa caja. Ni yanzu haka nake yi.

Baba dai ya koma gida lafiya, kuma na ji labarin ya riga ni isowa, don an ce duk wanda ya je gaishe shi sai ya ba shi labarin daren da aka ɗauke wuta a Amurka. Ya yi alkawarin sake zuwa, ni kuma na yi alkawarin mayar da shi wurin nan dai, ya kwana har safe a kan gado. Yaya, ki gaishe da yara da duk mutanen gida, ki ce wa Kawu saƙonsa na nan tafe. Wanda ke da tambaya ko gyara ya rubuto, ina maraba, musamman abokina na Maraɗi, don na san ba zai bar maganar nan ta wuce haka ba.

Sai mun sake saduwa a wasiƙa ta gaba. Ku huta lafiya.

Naku har kullum,
ɗan uwanku a Greensboro